Ƙujewar da ba ta kai tafin hannu ba ta kusa cinye min aikin shekara shida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan abin, in na ɗauki waya sai in ajiye, saboda akwai wuraren da ni ne mara gaskiya a ciki kuma ba wanda yake son ya tona kansa da kansa. Amma shekaranjiya wani yaro da muke layi ɗaya a Gwagwa, sabon direba ne bai daɗe da samun aikin raba kaya ba, yazo bayan isha'i yana min raɗa wai ya goga motar kamfani a jikin get, ya faɗa ne ko ya kai a shafe da fenti? Wallahi sai da gabana ya faɗi kamar ni aka kama. Shi ya sa nace bari in zauna in zayyana yadda tawa ta kasance.

Ni haifaffen Jos ne, a tashar Bauchi Road na koyi mota a hannun kawuna, na yi yaron mota shekara kusan huɗu kafin ya yarda ya bar min sitiyari a Hawan Kibo, kuma duk wanda ya san wannan hawan ya san ba a ba yaro mota a wurin sai an yarda da ƙafarsa. A 2017 na dawo Abuja, wani ɗan unguwarmu ya yi min hanya a wani kamfanin raba kaya da ke Idu. Ba zan faɗi sunansa ba, har yau a can nake cin abinci. Taliya, madara, man girki, sabulu, katan-katan muke lodawa da asuba mu bi shaguna, ni layina Kubwa, Dutsen Alhaji har Bwari, wani lokaci in an rasa direba a tura ni Nyanya da Mararaba in sha gosulon Kugbo in dawo kamar an dake ni. Shekara shida ko tarar 'yan rod sefti ban taɓa jawo wa kamfani ba.

To a kamfanin akwai doka a rubuce cikin wani ɗan littafi na turanci da aka raba mana: duk abin da ya samu mota, ko madubi ne ya tsage, ka kira sufabaiza nan take, kafin awa 24 ka cike fom. Wannan a takarda kenan. Abin da yake faruwa a zahiri a lokacin kuma, da ka kai rahoto sai a karɓe makulli a ajiye motar, kai kuma ka dinga zuwa kana zama a benci a bakin sito har a gama bincike, sati ɗaya ko biyu, babu alawus ɗin fita na naira 1,500 a rana wanda shi ne kuɗin cefanenmu, bonas ɗin wanda bai yi hatsari ba na wata uku naira 20,000 ya tafi, sannan a ƙarshen wata ka ga an yanki wani abu a albashi an rubuta gyara. Albashin nawa ne gaba ɗaya, dubu 65 nake ɗauka a lokacin. Saboda haka kowa ya san abin da ake yi. In ka goga, ka lallaba mai abin ku sasanta, ka biya ta wajen mai fanel bita ya buga ya shafa, da safe ka shigo kamar ba a yi ba. Shi kansa sufabaizan namu ya sha faɗa mana, in ƙaramin abu ne ku ji da kayanku kar ku kawo min ciwon kai. Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Agustan 2023. Kun dai tuna yadda gari yake lokacin, an cire tallafin mai tun 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500, a Yuli ta kai 617 a Abuja, kuɗin mota daga Gwagwa zuwa wajen aiki ya ninka, mudun shinkafa kullum da sabon farashi, albashi kuma yana nan inda yake kamar an dasa shi. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na sauke kaya a wani shago a kasuwar Dutse, yaron motata ya koma ciki karɓo sa hannu a takardar kaya, wani mai tifa ya matsa min da hon sai nace bari in ɗan ja ribas in ba shi hanya, madubin gefe duk ruwa, ban ankara ba sai naji ƙuuu. Wata Corolla ce a ajiye. Ƙofar baya ta ɗan lotsa, fenti ya ƙuje, tawa kuma bamba ta lanƙwashe gilashin fitila ya tsage.

Mai motar wata madam ce, ta fito daga shagon kayan miya tana faɗa, mutane suka taru, kowa ya zama alƙali. Na ba ta haƙuri har da durƙusawa, wani dattijo mai sayar da doya ya shiga tsakani aka kira mai gyara na kusa ya duba yace dubu 25 za ta yi. Na je wajen mai POS na cire dubu 15 da ta rage min, yaron motata Allah ya saka masa ya ara min goma, na damƙa mata a hannu. Babu takarda, babu sa hannu, ban ma karɓi lambarta ba, ita kuma ashe ta ɗauki hoton motar da lambar da sunan kamfani ɓaro-ɓaro a jiki. A hanyar komawa na ratse Gwagwa wajen wani mai fanel bita da muka saba, ya buga bambar ya sa fitila ta gwanjo, dubu takwas bashi. Na shiga yadi bayan magariba nace gosulo ne da ruwa. Na kwanta ina cewa alhamdulillahi an wuce wurin.

Sati uku shiru. Ashe ana can ana dafa mana.

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko an kawo sabon manajan sufuri daga Legas, mutum mai son takarda da lissafi, yana zuwa ya sa aka fito da motoci goma sha ɗaya aka jera yana zagayawa yana shafa jikinsu da hannu, duk inda fenti ya bambanta sai ya sa alli. Na biyu mijin madam ɗin nan ya zo har get da hotuna a waya, wai ƙofar ta daina rufuwa daidai, an kai wani gareji a Apo an ce sai an canza ta, yana neman dubu 180 ko ya kai maganar wajen 'yan sanda. Ni ban san ma ya zo ba. Ina dawowa daga Bwari aka ce manaja na kira.

Nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Ya tambaye ni cikin ruwan sanyi, direba, motarka ta taɓa samun wani abu a watan jiya? Nace babu oga. Ya sake tambaya, ka tabbata? Nace wallahi ba ni da labari. Har da wallahi. Sai ya juyo min da kwamfuta, ga hoton motata a Dutse, ga ni a gefe a jiƙe ina riƙe da hula, sannan ya buɗe bayanan na'urar bin sawu da ke jikin motar ya nuna min inda na tsaya awa ɗaya da minti arba'in a Gwagwa a ranar. Mun san akwai tiraka a motocin amma mun ɗauka don ɓarayi aka sa, ba mu taɓa zaton wani zai zauna ya bi ta rana-rana ba. Cikina ya ɗuri ruwa, bakina ya bushe, na rasa ko a ina zan ajiye idona.

Mu uku abin ya faɗa wa. Ni, da wani dattijo da muke kira Baba wanda ya shekara goma sha huɗu a kamfanin, da wani yaro ɗan Bukuru da aka ɗauko ta hannun ɗan kwangila. Aka ba ni da Baba takardar tuhuma, kweri, mu amsa cikin awa 48, aka karɓe makullai. Shi yaron ko takarda ba a ba shi ba, waya kawai aka buga wa ɗan kwangilar, washegari mai gadi ya hana shi shiga. Shikenan nasa ya ƙare a bakin get, ba zama ba tambaya.

Yanzu bari in faɗi tsakanina da yuniyan, wato ƙungiyar ma'aikata. Ni ina cikin masu zaginsu. Duk wata in na ga an cire kuɗin ƙungiya a takardar albashi sai na yi tsaki, ina cewa 'yan cin banza ne, ba su iya komai ba sai sa jar riga ranar 1 ga Mayu a tafi Eagle Square a yi waƙa a raba lemo. Shugaban reshenmu wani mutumin Pankshin ne mai tuƙa injin ɗaga kaya a sito, kowa Kwamared yake ce masa, na sha yi masa ba'a a gaban mutane ina cewa Kwamared yaushe za a raba mana ribar kuɗinmu. Shi na je na samu a bayan sito da kweri a hannu ina rawar murya.

Bai tuna min da ba'ar ba ko sau ɗaya, wannan ya fi min ciwo ma. Ya karanta takardar ya ninke yace ɗan uwa, kafin komai faɗa min gaskiya tun daga farko, in ka ɓoye min ko kaɗan a gaban mutanen nan za a tsiraita mu tare. Na faɗa masa komai har da rantsuwar da na yi. Ya riƙe kai yace hatsarin ba komai ba ne, rashin kai rahoton ma muna da abin faɗa, wannan wallahin da ka yi ita ce ramin. Sannan ya zaunar da ni ya bambance min abin da ban taɓa sani ba duk shekarun nan. Yace sallama daban kora daban. In kamfani ya sallame ka, dokar ƙwadago ta ce wanda ya kai shekara biyar ana ba shi notis na wata ɗaya ko kuɗin wata ɗaya a madadinsa, kuma ka tafi da haƙƙoƙinka. In kuwa aka kore ka da sunan babban laifi, ba notis, abin da kamfani ya saba ba mai tafiya ka rasa shi, ga tabo, duk inda ka je neman aikin tuƙi suka kira nan za a ce maƙaryaci ne. Yace su abin da suke nema su yi maka kenan.

Shi ya taya ni rubuta amsa. Na amsa laifina a rubuce, na faɗi ranar, na faɗi nawa na biya, na ce na yi ƙarya da aka fara tambayata saboda tsoro kuma ina neman afuwa. Baba kuwa bai je wajen Kwamared ba, ɗansa mai difloma ne ya rubuta masa da turanci mai nauyi cewa sam bai san da wani hatsari ba, sharri ne. Alhali nasa ya fi nawa, ɗan acaba ya taɓa a wajen Zuba har mutumin ya ji ciwo a ƙafa, ya kai shi kemis ya biya aka rufe maganar.

Bayan kwana biyar aka kira mu wani zama da bai kai minti goma sha biyar ba. Manajan da ya kama mu shi ne a kujerar shugaba, shi ya karanta laifi shi ya yi tambaya, ba a bar Kwamared ya shiga ba aka ce ba a gayyace shi ba. Da yamma aka miƙo mana ambulan. Kora.

Ga wani abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Kwana huɗu ban gaya wa matata ba. Kullum in tashi da asuba in sa rigar aiki in fita, in je wajen wani mai shayi a Karmo in zauna har la'asar ina kallon motoci. Rana ta biyar matar yaron motata ta kira ta tana mata jaje. Na dawo na same ta zaune a bakin gado ko fitila ba ta kunna ba, tace Baban Ummi, ka ɓoye wa kamfani sun kore ka, ni da ka ɓoye min me kake so in yi maka? Ban iya ce mata komai ba. Ga Satumba ta shigo, kuɗin makarantar yara biyu, ga mai gida yana aiko yaro, ga Hajiyata a Jos da nake tura wa dubu goma duk wata ta kira tana tambaya ko lafiya taji shiru. Zoben matata da keken ɗinkinta na biyu su suka riƙe mu a wannan tsakanin.

Kwamared bai zauna ba. Ashe a yarjejeniyar da ke tsakanin ƙungiya da kamfani akwai matakan ƙorafi, kana da kwana bakwai ka ɗaukaka ƙara a rubuce, in ka bari suka wuce ka yarda kenan. A rana ta shida ya zo har Gwagwa a kan babur da takardar na sa hannu, ya wuce Dei-Dei ya samu Baba shi ma. Daga nan maganar ta tafi wajen sakataren ƙungiya na Abuja, aka yi ta rubuce-rubuce, kamfani su ce manaja ya yi tafiya, su ce lauya ba shi da lokaci, sai da sakataren ya rubuta musu cewa in ba a zauna ba za su kai rahoton rikicin ga ma'aikatar ƙwadago kuma ƙofar kotun ma'aikata da ke Garki a buɗe take, sannan aka sa rana. Sati biyar cur ina gida.

Ana saura kwana uku Kwamared ya kira ni yace yana neman shaidar cewa da sanin manya ake wannan ɓoye-ɓoyen, don in babu shaida maganar baki ce kawai za su musa. Duk direbobin da suke cewa muna bayanka, da aka ce wa zai zo ya faɗa a gaban manaja sai kowa ya kama kallon ƙasa, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da bakunan da yake ciyarwa. Sai yaron motata ya tuna da wani tsohon guruf ɗin WhatsApp na direbobi, ya tono tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi, a ciki aka samu saƙon murya na sufabaiza tun 2022, da muryarsa da dariyarsa, yana cewa duk wanda ya ƙuje mota ya je ya gyara abinsa kar ya cika masa tebur da fom.

A nan na shiga wani hali. Mutumin nan ba mugu ba ne. Lokacin da Ummi ta kwanta a asibiti shi ya ciro dubu 30 daga aljihunsa ya ba ni, bai taɓa tambayata ba sai da na kawo da kaina. Yanzu in ɗauki muryarsa in kai gaban iyayen gidansa? Daren nan ban yi barci ba. Na kira kawuna a Jos na faɗa masa, ya yi shiru sannan yace kai ka sa shi ya faɗa? Nace a'a. Yace ƙarya za ka yi masa? Nace a'a. Yace to je ka same shi tukuna kar ya ji a bakin taro. Na kira shi sau uku bai ɗauka ba, na tura masa saƙo na faɗa masa abin da za a yi, ya karanta bai amsa ba.

Ranar zaman aka shigar da mu ɗakin taro na sama wanda shekara shida ban taɓa taka shi ba, sanyin esi har cikin ƙashi. Gefe ɗaya madam shugabar ofishin ma'aikata, da manaja, da lauyan kamfani, da sufabaiza a can ƙarshe yana wasa da biro. Gefenmu sakatare, Kwamared, ni da Baba. Wannan karon wani darakta ne ya shugabanta. Aka fara da turanci ana gudu, sai Kwamared ya ɗaga hannu yace mutanen da ake magana a kan abincinsu su ji abin da ake faɗa, a bar su su yi Hausa shi zai fassara. Aka yarda.

Gaskiya lauyan nan ya iya magana kuma ba duka ya faɗa ba daidai ba. Yace motocin suna da inshora, kuma kamfanin inshora yana da sharaɗin a sanar da shi da wuri, in direba ya ɓoye ya je ya amsa laifi da bakinsa ya biya kuɗi a titi, sai su ƙi biya, asarar ta dawo kan kamfani. Yace yau ƙofar Corolla ce, gobe in mutum ne aka taka aka ɓoye fa? Yace bamba da aka buga a bakin hanya wa ya duba ko akwai abin da ya taɓu a ciki? Ya juyo ya kalle ni yace kamfani yana damƙa wa mutum mota da kayan miliyoyi kullum, in ya kalli idon manaja ya rantse a kan ƙarya da me za a sake yarda da shi? Wallahi da ni ne alƙali a wannan minti da na kori kaina.

Sakataren namu bai ɗaga murya ba, wani siririn mutum ne mai tabarau. Yace ba mu zo mu ce ba a yi laifi ba, ga amsarsa nan ya amsa da hannunsa. Tambayoyi ya dinga jefawa ɗaya bayan ɗaya. Wa ya shugabanci zaman farko? Manaja. Wa ya kawo ƙara? Manaja. Yace to a ina aka taɓa yin mai ƙara shi ne alƙali, kuma aka hana wakilin ƙungiya shiga alhali yarjejeniya ta ce da shi za a zauna? Ya tambaya a cikin shekara uku fom nawa na ƙananan hatsari aka cike, madam ta duba fayil ta faɗi adadin da bai kai yatsun hannu ɗaya ba, yace motoci goma sha ɗaya a titunan Abuja kullum, ku da kanku kun yarda da wannan lissafin? Ko dai kowa ya san ana ɓoyewa aka kau da kai tunda yana rage wa ofis aiki? Manaja yace wannan zato ne. Sai Kwamared ya ajiye fasasshiyar wayar nan a tsakiyar tebur ya danna.

Sakan ashirin da wani abu ne saƙon amma ni na ji shi kamar awa. Dariyar da ke ƙarshensa ita ta fi komai muni a cikin ɗakin nan da ya yi tsit. Ban iya ɗaga kai na kalli sufabaiza ba. Darakta ya tambaye shi muryarka ce? Yace eh ranka ya daɗe. Ko a nan ya fi ni, shi bai musa ba.

Daga ƙarshe darakta ya juyo kaina yace in faɗa masa da bakina me ya sa na ce ba ni da labari. Duk abin da muka shirya da Kwamared ya gudu daga kaina. Nace ranka ya daɗe tsoro ne, na lissafa alawus na sati biyu da bonas da abin da za a yanka na ga ya fi abin da ke gidana gaba ɗaya, na zaɓi in ɓoye, da aka tambaye ni kuma ƙaryar farko ta jawo ta biyu, ban kyauta ba kuma rantsuwar da na yi tsakanina da Allah ce ina neman gafararSa. Kwamared ya fassara, ban san yadda ya juya ta da turanci ba amma na ga madam ta ajiye biro. Baba da aka zo kansa ya tsaya a kan takardar ɗansa, sai da aka fito da sunan kemis ɗin da ranar sannan ya fashe da kuka, dattijo mai furfura, abin ba daɗin gani.

Bayan kwana tara aka kira mu. Ni an janye korar, an mayar da ita gargaɗin ƙarshe a fayil, sati biyar ɗin da na yi a gida babu albashi, kuma zan biya rabin kuɗin ƙofar da aka daidaita da mijin madam mai Corolla a kan dubu 120, ana cire min dubu goma duk wata. Dubu 25 ɗin da na ba ta a kasuwa kuwa tace ita ba ta tuna ba, tunda babu takarda ta bi ruwa. Baba ba a mayar da shi ba saboda an ji wa mutum ciwo kuma ya musa a rubuce, amma an canza korar zuwa sallama, ya samu kuɗin notis da na shekarunsa, da su ya sayi tsohuwar Golf yana jigila tsakanin Zuba da Suleja. Sufabaiza an sauke shi an mayar da shi sito. Har yau in mun haɗu na gaishe shi sai ya ɗaga min hannu kawai, kuma ban san ranar da wannan zai wuce ba, na je gidansa sau ɗaya da sallah aka ce ba ya nan alhali ga takalminsa a ƙofa.

Abu ɗaya da ƙungiya ta ƙwato wa kowa, yanzu in ka kai rahoton ƙaramin abu ba a ajiye ka a benci, za a ba ka wata motar ka fita alawus ɗinka na tafiya. Bonas ɗin dai har yanzu ana rasa shi, sun ƙi sakin wannan. Na gwada da kaina a farkon 2024, wani mai keke ya fasa min madubi a Kubwa wajen shiga kasuwa, na tsaya a wurin na ɗauki hoto ta ko'ina na kira ofis na cike fom, hannuna har rawa yake, dubu ashirin ta tafi a kan madubin dubu huɗu kuma ba laifina ba ne, na yi ta ƙunƙuni har gida matata tana min dariya.

Wanda yake tsaya min a rai shi ne yaron nan ɗan Bukuru. Nasa laifin ma bai kai nawa ba, fitilar baya ce kawai ya fasa a jikin falwaya. Na tambayi Kwamared ko ba abin da za a yi masa, yace sunansa ba ya cikin rajistarmu, a takarda ma ba ma'aikacin kamfanin ba ne, na ɗan kwangila ne, sun yi magana a kansa a zaman aka ce ba hurumin teburin ba ne. Kwanaki na hango shi a shataletalen Berger a kan babur ɗin kai saƙo da akwati a baya, rana ta gasa shi ya yi baƙi, na yi masa hon ya juyo ya gane ni ya ɗaga hannu yana dariya yace yaya, ashe kana nan? Kafin in sauke gilashi danja ta sake mu, na baya suka dame ni da hon, shi ya yi hanyar Wuse ni na miƙe Kubwa da katan ɗin taliya ɗari da arba'in a bayana.